Gida Ɗaya, Takarda Ɗaya

Shekara goma sha huɗu ina buga takardar Juma'a a makarantar firamaren da nake aiki, kuma ban taɓa haɗuwa da uban da ya karanta ta daga sama har ƙasa ba. Falle ɗaya ce, gaba da baya. A gaba ake sa abin daɗi: wanda ya ci gasar karatu, ranar da za a kai yara yawon buɗe ido, hoton Hedimasta yana miƙa wa wani kofi yana washe baki. A baya, can ƙasa, akwai ɗan akwati da muke kira Kusurwar Lafiya, inda Nas take roƙon iyaye su yanke wa yara farce, su duba musu kai saboda ƙwarƙwata. Na sha ganin takardar nan a bakin get an yi jirgin sama da ita. Duk da haka ban taɓa barin kuskuren harafi ko ɗaya ya fita daga ofishina ba, kuma da ɗan wannan nake taƙama.

Ofishin nawa wani lungu ne tsakanin ofishin Hedimasta da ɗakin shan magani. Tebur mai gilashi a sama, kwamfuta, wayar ofis, injin kwafi da ke tauna takarda duk ranar da ya tashi da fushi, sai wata 'yar hita da ke gasa min ƙafar hagu ta bar ta dama tana daskarewa. Duk abin da ba na so in manta, ƙarƙashin gilashin teburin nake cusa shi.

Akwai wata ƙa'ida da Hedimasta ya zo da ita shekarar da aka kawo shi, wai don a rage ɓarnar takarda: gida ɗaya, takarda ɗaya. In gida yana da yara uku a makarantar, babban cikinsu kaɗai ake ba, shi zai kai gida. Ni ke riƙe da jerin gidajen. Kowace Juma'a sai in ƙirga wa kowane aji nasa, in ɗaure da roba, in rubuta lambar ajin a kai. Malamai a bayan idonsa Mu-bi-tsari suke kiran Hedimasta, don sun ce ko gobara ce ta tashi, sai ya nemi a sanar da shi a rubuce kafin ya fita.

A satin farko na zangon sanyi wata mata ta shigo min ofis. Na san ta, tela ce, shagonta na layin bayan tashar bas, kullum da tef a wuyanta da allurai a jikin rigarta. 'Ya'yanta biyu ne a wurinmu, babbar a aji shida, ƙaramar a aji uku, wadda kowa ke kira Auta. Auta ta yi wata bakwai ba ta zo makaranta ba, tana kwance da sankarar jini. A satin nan ta dawo, ta rame, amma bakin nan nata mai surutu yana nan yadda yake.

"Anti, wurinki na zo, ba wurin Hedimasta ba," in ji matar. "Likita ya yarda ta dawo don zaman gida yana sa ta kuka. Amma ya ce maganin da ake mata ya kwantar da garkuwar jikinta. Abin da ya fi ja min kunne a kai shi ne ƙarambau. Ya ce abin da zai yi wa wani yaro ƙuraje na sati ɗaya, ita yana iya tafiya da ita. In har ta zauna da mai shi, in kawo ta cikin kwana huɗu, akwai allurar da za su yi mata. In ya wuce haka, sai addu'a."

"Ki kwantar da hankalinki, Maman Auta. Duk abin da ya shigo makarantar nan ta ofishina yake bi."

"Shi ya sa na zo. Ba takarda nake so ba, Anti. Kirana nake so ki yi."

Ta yagi gefen wata takardar yanka kaya daga jakarta, ta rubuta lambarta da fensir. Na ɗaga gilashi na cusa ta a gabanta don ta gani.

"Ko atishawa wani ya yi a aji uku sai kin ji," na ce. Har dariya muka yi.

Akwai abin da na sani game da matar nan wanda ba ita ta faɗa min ba. Aurenta ya mutu tun ana tsakiyar jinya. Kowa ya sani, kuma a ofishina aka yi gulmar, ni ma na dafa shayin da aka sha a kai. Mijin direban babbar mota ne, ya ɗauki babbar 'yar ya kai ta wurin mahaifiyarsa can ƙarshen gari, Auta ta zauna wurin uwarta. Na san wannan sarai. Amma a jerina gidansu ɗaya ne, kuma takardarsu aji shida take zuwa. Ban taɓa haɗa gulmar da jerin ba, ko sau ɗaya. Kuma babu wanda ya kawo ƙara, domin yaran sun yi wa kansu dabara: kowace Juma'a in an tashi, babbar takan tsaya a bakin get ta miƙa wa ƙanwarta takardar kafin kowa ya kama hanyarsa.

In sanyi ya kai tsakiya, makarantar tana yin abin da Hedimasta ya raɗa wa suna Makon Ɗumi. Yara su kawo tsofaffin rigunan sanyi a tara wa marasa shi, a manna zane-zanensu a bango, ranar Asabar kuma a yi wasan kwaikwayo a babban ɗakin taro, iyaye su zo su tafa. A shekarar Hedimasta ya gayyato wani babban jami'in ilimi, kuma duk makarantar ta san a hannun mutumin nan ƙarin girmansa yake. Tun sati uku kafin ranar ya hana kowa sakat. Sau biyar na sake buga jadawalin taron, saboda ya kasa yanke shawara ko jawabinsa ne zai zo kafin waƙar aji ɗaya ko bayanta. An ba Auta rawar tsuntsuwa, layi ɗaya tak za ta faɗa. Uwarta ce ta ɗauki ɗinkin kayan aji uku gaba ɗaya.

Nas Litinin da Laraba da safe take zuwa mana, sauran lokutan tana wasu makarantu. Ranar Laraba ta makon, wajen ƙarfe goma, malamar aji uku ta kawo mata wata yarinya da zazzaɓi tana ta susa. Ba a yi minti biyar ba Nas ta leƙo ofishina tana cire safar hannu.

"Ƙarambau ne," ta ce. "Bayanta duk ya feso. Ki kira gidansu su zo su ɗauke ta."

"A ina take zama a ajin?"

Malamar ce ta amsa daga bayanta. "Benci na biyu. Ita da Auta."

Na kira gidan yarinyar, na ajiye, na sake ɗaga wayar ina duban lambar da ke ƙarƙashin gilashi. Na danna lamba huɗu ke nan Hedimasta ya fito daga ofishinsa, don bangon da ke tsakaninmu katako ne, ko biro ya faɗi yana ji.

"Wa kuma za ki kira, Sakatariya?"

"Maman Auta, yallaɓai. Ta roƙe ni tun farkon zango."

"Ajiye."

Na tsaya da wayar a hannu.

"Na ce ki ajiye. Tela ce fa. Shagonta mata ashirin ke shiga a wuni. In kika kira ta yanzu, kafin a tashi iyaye ɗari uku sun ji, kuma ba ƙarambau za su ji ba, annoba za su ji. To ranar Asabar wa zan yi wa jawabi? Kujeru?"

"Yallaɓai, yarinyar nan ba kamar sauran yara take ba."

"Na sani, ni ma uba ne. Ai don irin wannan muke da takardar Juma'a. Kowa ya ji lokaci ɗaya, a rubuce, da sa hannuna. Kwana nawa likitan ya ce?"

"Huɗu."

"Yau Laraba. Jibi Juma'a. Har da ragowa. Ina abin tayar da hankali? Mu bi tsari."

Na dubi Nas ko za ta sa baki. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita dai ta rubuta a littafinta, ta ɗauki jakarta, wata makarantar na jiranta ƙarfe sha ɗaya. Na ajiye wayar.

Zan faɗi abin da ya fi min ciwo, don na gaji da ɓoye shi a bayan Hedimasta. Ina da waya tawa ta kaina a jaka. Da na shiga banɗaki na kira matar nan, da minti ɗaya ya isa. Da na kira ta a cikin bas da yamma. Shagonta ma in na sauka tasha ɗaya kafin tawa, ga shi nan. Ban yi ko ɗaya ba. Tsoro nake ji, don na ga yadda ya yi da mai kula da laburare da ta yi magana da wani uba ba da izininsa ba, sai da ya sa aka mayar da ita wata makaranta mai tafiyar awa biyu. Kuma lissafinsa ya shiga kaina ya zauna daram. Juma'a kwana na uku ne, har da ragowa. Duk lokacin da zuciyata ta tashi sai in sake ƙirgawa ta kwanta.

Maimakon in kira, sai na ɗaura ɗamarar yaƙi a kan rubutu. Ranar Alhamis ya miƙo min abin da za a sa a Kusurwar Lafiya: "An samu rahoton 'yan ƙuraje a wani aji. Iyaye su kula da tsafta." Na shiga ofishinsa ba tare da na ƙwanƙwasa ba, abin da ban taɓa yi ba.

"Yallaɓai, wannan ban iya buga shi. A rubuta ƙarambau, a rubuta aji uku, a kai shi shafin gaba."

"Shafin gaba na jadawalin Asabar ne."

"To a sa shi da manyan haruffa, baƙaƙe."

Muka yi ta ja-in-ja kusan rabin awa. Ya ce na fara fin ƙarfin kujerata, na ce ya samo wata ta buga masa. A ƙarshe ya ja tsaki ya ce in je in yi yadda nake so, amma a baya. Na fito ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Har malamar aji uku na ba labarin yadda na tsaya masa, ta ce lallai Anti ke jaruma ce, ni kuma na amshi yabon.

Ranar Juma'a na ƙirga takardu. Aji uku yara talatin da ɗaya, takarda goma sha tara, sauran suna da yayye a gaba. Na ɗaure, na raba. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi Auta ta wuce ta jikin tagata, jakarta ta fi ta girma, ta buga gilashin da yatsa ta buɗe min hannuwa tana kwaikwayon fuka-fuki. Na yi mata murmushi. A ranar an riƙe 'yan aji shida a ɗakin taro suna gwajin wasansu na ƙarshe har bayan awa ɗaya da tashi, don haka babu wanda ya tsaya a bakin get ya miƙa wa kowa komai. Jadawalin gwajin ma ni na buga shi.

Asabar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. An rufe tagogin ɗakin taro ruf, mutum ya kai ɗari uku a ciki, ga tari ta ko'ina. An ɗora min tiren shayin manyan baƙi. Ina tsakiyar rabawa na hango Maman Auta a gefen dandamali, ta durƙusa da allura a baki tana gyara wa wani yaro gefen riga, Auta na tsaye kusa da ita cikin fuka-fukin farin yadi. Ta hango ni, ta ɗaga min hannu tana fara'a.

Na ce a raina, to, ta karanta, jiya da yamma ta kai ta an yi allurar, shi ya sa hankalinta kwance. Tsakanina da ita bai fi taku ashirin ba. Tambaya ɗaya ce, kin ga takarda? A daidai lokacin Hedimasta ya yafito ni, wai babban baƙo yana son ƙarin sukari, sai na juya na tafi neman sukari. Gaskiyar magana ba sukarin ne ya hana ni ba. Tsoron amsar nake ji, domin in ta ce ba ta gani ba, dole in faɗa mata tun yaushe na sani. Auta ta faɗi layinta da ƙarfi har na bayan ɗaki suka ji, aka tafa mata fiye da kowa. Babban baƙon kuwa barci yake.

Sati biyu lafiya lau, har na fara mantawa. Ranar wata Litinin Auta ba ta zo ba. Ranar Laraba malamarsu ta shigo ofishina ta rufe ƙofa, ta ce yarinyar tana asibiti tun Lahadi, ƙurajen sun shiga har huhu.

Kashegari uban ya zo. Ya baro motarsa a wani gari ya taho, ko wanka bai yi ba. Tun daga get ake jin muryarsa. Ya ce an san yarinyarsa ba ta da lafiya, an san cuta ta shiga ajinsu, aka yi shiru. Na zaci Hedimasta zai rikice, amma ko gezau. Ya ce in kawo fayil. Ya zaro kwafin takardar Juma'a, ya juya bayanta, ya ɗora yatsa.

"Malam, duba nan. Ƙarambau, aji uku, ga kwanan wata, ga sa hannuna. Ka ga da manyan haruffa muka sa, baƙaƙe, don kada ya wuce wa kowa. Mu mun sanar. Sakatariya, takardar gidansu wane aji take zuwa?"

"Aji shida," na ce. Muryata ce, ni na faɗa.

Haruffan da na yi rabin awa ina yaƙi a kansu, su ya ɗaga ya kare kansa da su. Uban ya juya ya nufi aji shida, muka bi shi. A gaban yara talatin ya fizgi jakar 'yarsa ya zazzage ta a kan tebur. Takardar ta faɗo daga cikin littafin lissafi, a ninke gida huɗu, ko yamutsewa ba ta yi ba. Yarinyar ta ce ta duba gaban ne kawai don ta ga sunanta a jerin 'yan wasa, da ta fito Auta ta riga ta tafi, ta ce za ta ba ta gobe, sai ta manta. Shekararta goma sha ɗaya. Bai dake ta ba, kallonta kawai ya yi ya fita, ita kuma ta tsuguna tana tsince littattafanta.

Da yamma Hedimasta ya miƙo min abin da za a sa a takardar Juma'ar makon. A ciki har da wannan: "Muna tunatar da ɗalibai, musamman manya, muhimmancin kai takardun makaranta gida a kan lokaci." Na karanta sau uku. Na ji kamar in yaga in watsa masa a fuska, don na tsane shi a lokacin, tsana ta gaske. Sannan na zauna na buga, ba kuskure ko ɗaya, na ƙirga na raba, aji shida ma suka samu nasu.

Ranar Juma'ar ana tashi na hau bas zuwa asibiti. Ba don kirki na je ba, abin da na yi ne ya hana ni sukuni. Sashen yara yana hawa na biyu, doguwar baranda mai warin maganin goge ƙasa, da benci a jikin bango. Ɗakin Auta na ƙarshe ne, an keɓe shi, ba a shiga sai da riga ta musamman. Ta gilashin ƙofa na gan ta, ba ta fi rabin gadon ba, ga abin numfashi a fuskarta. Na kasa daɗewa ina kallo.

Uwar ta fito tana sauke takunkumi daga baki. Ta faɗa sosai, idanunta sun yi zuru-zuru. Tana ganina ta kama hannuna da hannu biyu.

"Anti, ke ce da kanki? Allah ya saka da alheri. Malamarsu ta faɗa min har faɗa kika yi da Hedimasta a kan rubutun nan. Ke kam kin yi naki. Na san ayyuka ne suka sha kanki ba ki samu kira ba, ga taro a gabanku."

Ita da kanta ta kawo min uzuri, ta miƙo min a hannu. Da na yi shiru, da shi ke nan, har gobe tana gaishe ni da mutunci.

"Maman Auta, ba ayyuka ba ne," na ce. "Tun ranar Laraba na sani, ƙarfe goma na safe. Na ɗaga waya, Hedimasta ya ce in ajiye saboda taron Asabar, na ajiye. Ina da tawa a jaka ban kira ki ba. Kuma na san babbar ba a gidanki take ba, na daɗe da sani, ban gyara jerin ba. Laifin yarinyar nan ba shi ne farko ba, nawa ne."

Ta saki hannuna a hankali. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Laraba," ta ce.

"Laraba."

"Ranar Asabar na ɗaga miki hannu."

"Na gani."

Ta jingina da bango tana kallon silin. Wata ma'aikaciya ta wuce da keken magani, muka matsa mata, muka koma yadda muke. Can ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Jiya ubansu ya kawo babbar nan da takardar a hannu. Na mare ta, Anti. Tunda na haife ta ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Wata bakwai ina asibiti da ƙanwarta, aka ɗauke ta aka kai ta wani gida, ba ta taɓa cewa uffan ba. Na mare ta a barandar nan, na ce in Auta ta mutu ita ta kashe ta. Da bakina na faɗa."

Na fara cewa ta yafe min, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ni ba ni da lokacinki yanzu. Ga ta can. Tun jiya ba ta ci komai ba. Je ki faɗa mata abin da kika faɗa min."

Ta mayar da takunkuminta ta shige ɗakin. Auta ba ta fito daga ɗakin nan da ƙafarta ba, kwana shida ta ƙara. Amma a ranar ba mu sani ba tukuna.

Babbar tana can ɗaya ƙarshen barandar, ita kaɗai a benci, da kayan makaranta a jikinta da jakarta a kan cinya. Ban lura da ita ba da na shigo, na wuce ta gabanta. Tana ganin na nufo ta sai ta miƙe tsaye, yadda aka koya musu in babba ya shigo aji.

"Ina wuni, Anti," ta ce. Kafin in amsa ta ƙara, "Anti, ki yi haƙuri, ban kai takardarki ba."

Na zauna a bencin, na jawo ta ta zauna. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Na ce manya huɗu ne suka sani tun kafin ita ta taɓa takardar. Na ce uwarta kira ta roƙa, ba takarda ba, kuma ni na yi alkawari na karya. Na ce tun farko bai kamata takardar ta zo hannunta ba, kuskuren jerina ne. Na ce kai saƙon rai da mutuwa ba aikin yarinya ba ne, mu muka ɗora mata don mu huta. Ina magana ina kuka, ita kuwa idonta a bushe, tana saurarena kamar ina karanta musu sanarwa.

Da na gama sai ta kama wasa da zip ɗin jakarta.

"Anti," ta ce, "amma da na ba Auta takardar ranar Juma'a, ko ranar Asabar a wurin wasa, da an yi mata allurar, ko?"

Na buɗe baki in ce a'a. Amma 'yar aji shida ce, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi, kuma ta gama ƙirga kwanakin nan tun kafin in hau bas. In na yi mata ƙarya a wannan, duk abin da na faɗa mata a baya ma ya zama ƙarya.

"Da an yi," na ce.

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka duba wa aikin gida aka ce daidai ne. Ta ce na gode, Anti. Sannan ta ɗauki jakarta ta matsa can ƙarshen bencin ta zauna.